Teburin farce a salun ɗin wata: kamasho ko haya?

Ummi: Assalamu alaikum iyaye da yayye. Don Allah shawara nake nema. Na koyi gyaran farce a Abuja, akirilik da jel (nau'o'in rufin ado da ake ɗorawa a kan farce) da gyaran ƙafa, yanzu na dawo gida Kaduna. A ɗakinmu nake yi wa mutane, to Baba ya fara nuna ba ya son baƙin fuska suna shigo masa gida, ga warin ruwan akirilik yana tayar wa Mama da ciwon kai. Akwai wata mai salun a wajen Unguwar Rimi da ta ce za ta ba ni lungu ɗaya in ajiye teburina. Zaɓi biyu ta ba ni: ko in riƙa biyan ta naira 50,000 duk wata, ko kamasho, wato duk aikin da na yi ta ɗauki kashi 40 in ɗauki 60. Kayan aiki duka nawa ne, ita nata wuri da wuta da ruwa. Kuɗi kuma a POS ɗinta za a riƙa biya, ta ba ni nawa duk ranar Asabar. Raina ya fi kwanciya da kamasho saboda ba ni da kuɗin haya a hannu. Waɗanda suka san harkar, me kuka gani?

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya sa albarka a nema. Masu salun da masu sana'ar hannu, ga ƙanwarku nan, a taimaka mata da gaskiya.

Zee: Kashi 40 kuma kayan aiki naki? Kai, ya yi yawa wallahi.

Maman Sultan: Ummi, kafin a ce ya yi yawa ko bai yi ba, faɗa mana abu biyu. Nawa kike karɓa idan kika yi wa mace cikakken akirilik, kuma nawa kayan da kika shafa mata suke cinyewa?

Ummi: Anti, naira 10,000 nake karɓa. Kaya kuwa idan na haɗa hoda da ruwanta da farcen roba da gam da jan farce da abin gogewa, za su kai kamar 3,000 a hannun mutum ɗaya.

Maman Sultan: Yawwa, to zo mu zauna mu yi lissafi. A 10,000 ɗin nan, mai salun ta cire 4,000, saura 6,000. A cikin 6,000 ɗin sai kin mayar da 3,000 na kaya, in ba haka ba ranar da hoda ta ƙare ba ki da abin sayowa. Abin da ya shiga aljihunki ke nan 3,000, bayan kin duƙufa a kan hannun mutum wajen awa biyu. Ita da ba ta taɓa ko burushi ba ta fi ki samu a kan aikinki. Sunan abin 60 da 40, amma a zahiri ita ce da babban kaso.

Yanzu a juya shi. A fara cire kuɗin kaya, saura 7,000, sannan a raba. Kashi 40 na 7,000 shi ne 2,800, ke ki tashi da 4,200. Kin ga adadin kason bai canja ba, inda aka fara yanka ne ya canja, amma bambancin 1,200 ne a kan kowace kwastoma. Shi ya sa ni ba na saurin faɗa a kan 40 ko 30. Abin tambaya shi ne 40 ɗin mene ne.

Ga kuma na biyu. Hayar 50,000 daidai take da kashi 40 na cinikin 125,000. Ma'ana idan a wata kina yin cinikin da ya haura 125,000, wato mutum 13 masu cikakken akirilik, haya ta fi miki sauƙi. Idan ba kya kaiwa, kamasho ya fi miki. Ke kika san yawan mutanen da ke zuwa wurinki yanzu.

Ummi: Wani watan nakan wuce haka, musamman Disamba da lokacin bukukuwa. Amma da azumi kusan ba na ganin kowa sai ana gobe sallah.

Anti Rabi: Bari in yi magana a matsayina na mai salun, don na ga an fara kallon mu kamar masu cin gumin yara. Shagona a Kano yake, kuma akwai masu kitso da mai lalle da ke aiki a ciki a kan kaso. Maman Sultan ta ce mai salun ba ta taɓa ko burushi ba. Gaskiya ne, amma wa ya biya hayar shekara tun kafin a buɗe ƙofa? Wa ke sayen wuta? Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya har ta wuce 1,000. A Afrilun 2024 kuma aka ɗaga wa 'yan rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta awanni masu yawa a rana, kuɗin wuta zuwa naira 225 kowane yunit. Mai farce ba ta aiki sai da fitilar busar da jel, da injin gogewa, da haske mai kyau, da fanka. Idan aka ɗauke wuta tana tsakiyar hannun kwastoma, dole in tada inji ko da babu kowa a ƙarƙashin na'urar busar da gashina. Ga mai shara, ga kuɗin mai gadi, ga masu karɓar haraji da ba sa sanin ranar da ba a yi ciniki ba. Duk wannan a kaina yake.

Sannan babban abin da ba a sa shi a lissafi: mutanen da suka saba da ƙofata. Matar da ta zo wankin kai ta hango teburin farce ta ce a yi mata, wa ya kawo ta? Shekarun da na yi ina gina suna ne suka kawo ta. Yarinya ta fito daga ɗakin gidansu ta tarar da kasuwa a shimfiɗe, ai dole a biya wannan.

Maman Sultan: Anti Rabi, ban musa miki ko ɗaya ba, kuma Allah ya sani masu shago suna shan wuya. Amma ki faɗa mana tsakani da Allah, masu kitson da ke wurinki, su suke sayen man kitso da shamfu?

Anti Rabi: A'a, ni nake saya. Shi ya sa muke raba daidai, rabi da rabi. Mai lalle kuwa da kayanta take zuwa, kashi 30 nake karɓa a wurinta.

Maman Sultan: To kin gani. Ke da bakinki kin bambanta mai kawo kayanta da wadda ake saya wa. Kuma kayan farce sun fi na lalle tsada nesa ba kusa ba, tunda kusan duka daga waje ake shigo da su, duk motsin da dala ta yi sai ya taɓa su.

Anti Rabi: Wannan kam haka ne. Da wurina ta zo da kayanta, ba zan ce 40 a kan kuɗin gaba ɗaya ba. Amma ni ba zan yarda da "a fara cire kuɗin kaya" haka kawai a baki ba, don nan rigima take. Yau a ce mini kaya sun ci 3,000, gobe a ce 4,500 saboda kasuwa ta tashi, ni kuma ba na bin ta Kasuwar Gumi in ga nawa ta sayo. Sai dai a yanke adadi ɗaya ga kowane irin aiki, a rubuta, a sake dubawa bayan wata uku.

Bilkisu Mai Lalle: Ni duk wannan lissafin bai dame ni ba kamar maganar POS da ranar Asabar. Ummi, ki saurare ni da kyau, don ni na zauna a irin wannan kujerar. Na yi aiki a wani salun, kuɗi duka a asusun uwar ɗakina suke faɗawa. Ba ɓarauniya ba ce, ban taɓa cewa haka ba. Amma ranar biya sai ta buɗe waya tana ja sama tana ja ƙasa, tiransifar kitso da ta lalle da ta sayen turare duk a cakuɗe. Sai ta ce, "Waccan mai jan mayafin ba bashi ta ce ba?" Ni kuma na san a gabana aka biya. Wani satin ta ce an sayi mai da kuɗin, in yi haƙuri zuwa Talata. Ga kunya, mace ta girme ni, ina ce mata Anti, ta yaya zan tsaya ina ja da ita a gaban kwastomomi? Haka na riƙa haɗiyewa har zuciyata ta cika na bar wurin, kuma har yau ba ma gaisawa yadda muka saba.

Ki sayi littafi mai kwafi biyu. Duk wadda kika gama wa aiki ki rubuta irin aikin da kuɗin, ki yage ɗaya ki ba mai salun, ɗaya ya zauna a wurinki. Kuma a yi rabo kullum kafin a rufe shago, ba sati-sati ba. Kuɗin yini ɗaya ba ya da wuyar tunawa, ba ya kuma da wuyar fitarwa daga hannu.

Zee: Ko kawai ta buɗe nata Moniepoint ko OPay ɗin, a riƙa biyan ta kai tsaye, ita ta tura wa madam kasonta.

Anti Rabi: Sai kuma zargin ya juyo ta ɗaya gefen, ni in zauna ina tunanin ko an ɓoye mini wani aikin. Littafin da Bilkisu ta faɗa shi ne maganin duka biyun. Ko a hannun wa kuɗin yake, takarda biyu ce shaida.

Maman Khairat: Ku yi haƙuri in kawo wata magana daban. Ni abin da ke raina, ita sana'ar kanta fa? Farcen nan yana hana ruwa taɓa farcen asali, alwala ba ta yiwuwa, wankan tsarki ma haka. Muna ta lissafin riba ba mu tambayi wannan ba.

Zee: An fara ke nan. Shawarar kasuwanci ta nema.

Hajiya Babba: A'a Zee, tambaya ce mai kyau kuma cikin ladabi aka yi ta. Malama, kina kusa?

Malama Ummu Abdallah: Ina nan Hajiya, ina ta bin ku. Maganar Maman Khairat gaskiya ce: duk abin da ya yi rufi a kan farce ya hana ruwa isa gare shi, jan farce ne ko jel ko akirilik, alwala da wanka ba sa inganta da shi. Lalle ya bambanta domin launi yake bari, ba rufi ba. Shi ya sa mata da yawa suke yi a kwanakin da ba sa salla su cire kafin wanka. To amma akirilik ana yin sa ne don ya yi makonni, ya zarce kwanakin al'ada, don haka 'yata Ummi, amana ce a kanki ki faɗa wa musulmar da ta zauna a gabanki, kada ki yi shiru don kar ciniki ya wuce. Kuma a cikin aikinki akwai yanki babba da babu wannan matsalar ko kaɗan: yanke farce, tsabtace shi, gyaran ƙafa, goge kaushi da faso.

Sai ita yarjejeniyar. Haya da adadi sananne a wata sananne, wannan babu saɓani a kanta. Amma a ba ka wuri ko abin aiki a ce ladan shi ne kaso daga abin da ka samu, malamai sun yi magana. A littattafanmu na Malikiyya an kawo misalin wanda ya ce wa wani ya yi aiki da dabbarsa su raba abin da aka samu, aka lissafa shi cikin ijarar da ba ta inganta ba, saboda ba a san adadin ladan ba lokacin ƙullawa. Hanbalawa kuma sun halatta irin wannan, suna ganin sa a matsayin tarayya a cikin abin da Allah ya kawo, kamar noman raba-daidai. Mutane da yawa a yau a kan wannan fahimtar ta biyu suke tafiya. Ki sami malamin da Babanku ya yarda da shi ki karanta masa sharuɗɗan yadda suke. Abin da kowa ya haɗu a kansa shi ne kada a bar duhu a cikin magana: kaso nawa, na mene ne, yaushe ake biya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Kuɗinki da zai kwana a hannun wata har Asabar, ai bashi ne.

Ummi: Na gode Malama. Dama ina da farcen mannawa wanda ake cirewa a mayar, shi nake ba amare da yawa shawara su ɗauka, su sa lokacin taro su cire lokacin salla.

Nas Jummai: Ni ta ɓangaren lafiya zan shigo, don shi ma yana cikin abin da za ku yi magana da mai salun. Lungun da za ta ba ki, akwai taga? Kin ce warin yana sa wa Mama ciwon kai a gida, to ki tuna a can yini za ki yi a kansa, ga ƙurar gogewa, ga masu ciki da masu asma da za su zo kitso. Idan lungu ne na can ciki kusa da banɗaki, kada ki karɓa ko da kyauta ne. Na biyu, ki duba ruwan akirilik ɗin da kike saya. Akwai mai arha da ake kira MMA, warinsa ya fi ƙarfi, yana sandarewa ƙam, ba ya narkewa da sauƙi a asiton, ruwan da ake cire farce da shi, idan farcen ya bugu da wani abu yakan ɗago da na asali. Tun shekarun 1970 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ɗauki mataki a kan kayan farce masu zallarsa. Wanda ake so shi ne EMA. Ina faɗar wannan ne domin idan kaso ya matse ki, wurin da za ki fara neman sauƙi shi ne kaya masu arha, kuma hannun mutane ne zai biya.

Na uku, almakashi da abin yanke fatar gefen farce suna fitar da jini wani lokaci, ciwon hanta nau'in B kuma ta jini yake bi. Goge su da auduga da sifirit bai wadatar ba. A wanke, a tafasa ko a sa a na'urar kashe ƙwayoyin cuta, abin gogewa na takarda kuma kowa da nasa. Ke kanki ki je a gwada ki, ki yi allurar rigakafin. Ku kuma yanke tun yanzu: idan yatsan kwastoma ya kumbura ta dawo da faɗa, wa zai mayar mata da kuɗi? Idan an raba riba tare, ya kamata a san yadda za a raba wannan ma.

Anti Rabi: Wannan ta ƙarshen ta taɓa ni. Kwastoma ba ta sanin sunan mai farce, sunan shago take kira a Facebook.

Bilkisu Mai Lalle: Saura abu ɗaya da ba a taɓo ba, kuma shi ne ke raba mutane a ƙarshe: kwastoma ta wace ce? Ummi tana da mutanenta da ta tara tun daga gida. Idan suka biyo ta shago, su ma 40 za a cire? Idan amarya ta gan ta a shagon ta ce ta zo gida ta yi mata da ƙawayenta, mai salun tana da kaso? Ranar da za ta tashi, an yarda ta sanar da mutane inda ta koma?

Maman Sultan: A ganina waɗanda ta zo da su a rage musu kaso, tunda ba ƙofar shagon ce ta kawo su ba.

Anti Rabi: A nan kam ban bi ki ba. Kaso iri biyu a shago ɗaya fitina ce. Kowace mace ta shigo sai an tsaya ana tantance ta wace ce, wata ma ƙawar wadda ta zo kitso ce ta ba ta labari, to ita a wane layi za a sa ta? Duk wanda ya zauna a kujerar shago ya sha wutar shago, kaso ɗaya. Aikin gida kuma wanda aka samo a cikin shago a ba mai shago wani abu kaɗan, wanda ta samo da wayarta nata ne ita kaɗai. Maganar tashi kuwa, a ba juna sanarwar wata ɗaya. Ba mai iya ɗaure kwastoma, duk inda hannun da take so ya koma can za ta bi.

Ummi: Assalamu alaikum, na dawo da bayani. Mun je da yayata muka sami mai salun bayan la'asar da shagon ya yi sauƙi. Da na zayyana mata lissafin Anti Maman Sultan a takarda ta yi shiru tana dubawa, ta ce ita ba ta taɓa zama da mai farce ba, da masu kitso ta kwatanta. Ta yarda a cire 3,000 na kaya a akirilik, 1,500 a jel, sannan ta ɗauki 40 a abin da ya rage. Ta yarda da littafi mai kwafi biyu da rabo kullum. Wurin ma ta canja mini zuwa gefen taga ta gaba. Za mu gwada wata uku, in na ga dama bayan nan in koma haya. Inda muka tsaya shi ne aikin gida: ita tana son kashi 20 a kan duk amaryar da na je wa, ko a ina na samo ta, wai saboda ranar teburina zai zauna babu kowa.

Maman Sultan: Alhamdu lillahi, an samu ci gaba sosai. Ki riƙe sabon lissafin: yanzu 2,800 take samu a kan kowane akirilik, don haka sai kin kai mutum 18 a wata kafin haya ta fi miki riba. Littafin nan shi zai nuna miki idan wata ukun sun cika.

Anti Rabi: Hujjarta a kan aikin gida ba ta banza ba ce, amma ta faɗaɗa ta da yawa. Ki ce mata kin yarda da 20 a kan amaryar da aka samo a shago, ko wadda za ki je wa a lokacin da shago yake buɗe. Wadda kika samo da kanki kika je mata da dare ko ranar hutunki, babu kaso. Ku rubuta ranar hutun da lokacin tashi a takardar don kada a yi musu.

Malama Ummu Abdallah: Kuma mutum biyu su sa hannu a matsayin shaidu, ɗaya daga wajenki ɗaya daga wajenta, kowa ya riƙe kwafinsa.

Ummi: To Anti, haka zan faɗa mata gobe in sha Allahu. Anti Nas, don Allah ki turo mini ta akwati yadda zan gane EMA a jikin kwalba, don wanda nake da shi yanzu babu rubutun komai a bayansa.

Nas Jummai: Wanda babu rubutu a jikinsa ki ajiye shi gefe tukuna, kada ki kai shi sabon wuri. Zan turo miki in na tashi daga aiki.